Buhunan Yero

Suna cikin jan buhunan Yero zuwa waje Lado ya iso bakin sito. Ba ɗauka suke yi ba, ja suke yi a ƙasa kamar masu fitar da mushe, alhali wake ne fari tas da mutum ya yi damina guda yana duƙe a kansa. Shi kuwa mai waken yana tsaye a gindin darbejiya, ya mai da hannuwansa baya, yana kallo.

Siton na ƙungiyar manoman wake ta Karofi ne. Tun kafin ruwa ya sauka wani kamfani ya zo daga Kano ya ce zai saye duk abin da suka noma ya fitar da shi ƙasar waje, amma da sharaɗi guda: kada magani ya taɓa waken bayan roro. Turawa sun daɗe da rufe wa waken ƙasar nan ƙofa saboda gubar da ake zuba masa don ƙwari, shi kuma kamfanin yana son ya nuna akwai masu tsabta. Aka raba wa manoma buhuna masu leda a ciki, irin waɗanda ƙwaro ke mutuwa don kansa in an ɗaure baki, kowa kuma ya rantse a gaban liman. Makon jiya ma'aikacin kamfanin ya zo ya kwance wasu buhuna, ya ɗebi na nan ya ɗebi na can, ya haɗa ya tafi da shi wajen gwaji. Jiya da yamma ya bugo wa Sodangi, shugaban ƙungiya, waya cewa an sami guba. Dama ɗaya ta rage: su nemo mai waken su fitar da nasa, gobe zai dawo ya sake ɗiba. In aka kuma samu, kamfani ya bar Karofi ke nan.

Mutanen Karofi ba su wahala wajen bincike ba. Kafin a watse daga sallar asuba an riga an gano mai laifi, kuma cikin ikon Allah sai ya zamana shi ne mutum ɗaya tilo da ba shi da kowa a garin.

Yero mutumin Nijar ne, daga wajen Madarunfa. Ya yi shekaru yana noma gonar da Sodangi ya ara masa, da ita yake ciyar da mata da 'ya'ya da ya bari can gida. Tun da sojoji suka karɓi mulki a ƙasarsu aka rufe iyaka, ta daji yake bi da babur in zai je ganinsu. Kowa ya san haka, ba wanda ya taɓa damuwa, har aikensa ake yi ya zo wa mutane da dabino. Yau kuwa wannan tafiyar ita ce shaida. Mutawakkil, sakataren ƙungiya, wanda ya fara ɗinka manyan riguna saboda kujerar kansila, ya tsaya a kan dakalin sito yana bayani cewa waken Nijar Yero ya shigo da shi ya cakuɗa da nasa, su can ba ruwansu da doka, magani suke kwarara masa kamar miya. Ya ce in aka bar shi, shi da kansa zai kai sunan Yero wajen 'yan kwastan. Sodangi bai ɗaga murya ba, ba halinsa ba ne. Ya ce a bari sai bayan la'asar a zauna, amma gona dai tasa ce, kuma ya san abin da zai yi da ita.

Gaskiyar magana, Lado ma bai yarda da Yero ba. Maƙwabcinsa ne a gona, sun sha cin tuwo a kwano ɗaya, amma zuciya ba ta da kunya. Sai ga shi yana tuna wata rana da ya ga Yero ya dawo daga can da kaya a bayan babur an lulluɓe da tsumma. Me ke cikin tsumman? A lokacin bai tambaya ba, yanzu kuma ya ga kamar siffar buhu ce. Ya wuce ta gefen buhunan kamar mai gyara takalmi, ya ɗebi waken da ya zube daga wanda aka yaga wajen ja, ya zuba a aljihu. Da ya ɗago suka haɗa ido da Yero. Lado ne ya fara kau da kai.

Dama yana da tafiya Kurfi a ranar. Matarsa Rekiya tana can gidan iyayenta tana wankan jego, ga kuma tamfol ɗin shanya da surukinsa ya ara masa tun kaka bai mayar ba. Surukin nasa, Alhaji Labaran, tsohon ɗan kasuwar hatsi ne, in ya shinshina wake sai ya gaya maka abin da aka yi masa. Lado ya ce a ransa gara ya ji daga bakin wanda ya sani, kafin ya ɗaga hannu a kori mutum. Ya naɗe tamfol ya ɗaure a babur, ya bar babur ɗin wajen wani bakanike a tashar Dutsin-Ma saboda tsadar mai, ya shiga motar haya.

Ba a fita gari ba aka ɓarke da gardama, rediyon direba ne ya tsokano ta. Ana hira da wasu manya a kan yarjejeniyar ciniki tsakanin ƙasashe, ɗaya na cewa a buɗe iyaka, ɗaya na cewa a ƙara mata kwaɗo. Wani malamin makaranta a gaba ya ce Turawa sun yi daidai, mu ne ba mu san ciwon kanmu ba, mutum ya ci alala ya kwana a asibiti. Wani mai sayar da albasa ya ce ƙarya ne, makirci ne, su suka kawo maganin suka sayar mana, yanzu kuma su ne masu toshe hanci. Direba ya ce shi duk bai dame shi ba, waɗanda suka rufe iyakar ai ba su da 'yar'uwa a Maraɗi. Kowa ya kawo wanda yake zargi, daga gwamnati har Faransa, ba wanda ya zargi na cikin motar. Lado kuwa hannunsa na cikin aljihu yana murza ƙwayoyin waken. A wani shinge aka tsayar da su, wani mai kaki ya daddanna tamfol ɗin da bakin sanda ko shinkafar waje ce a ciki, da ya ji ba komai har ya ɗan ji haushi.

Ya tarar da Alhaji Labaran a ƙofar shagonsa na bakin kasuwa, a kan buzu, carbi a hannu. Tun daga nesa Lado ya tuɓe takalma, ya zo ya durƙusa gefe, idonsa a ƙasa. Shekara da shekaru da auren, bai taɓa kallon tsakiyar idon mutumin nan ba, bai taɓa cin ko goro a gabansa ba, sunansa kuwa ko a bayan ido ba ya iya kamawa, sai dai ya ce mutanen Kurfi. Aka gaisa, aka tambayi gida da gona da mai jego. Ya yi godiyar tamfol, sannan ya zaro waken ya ajiye a gefen buzu, ya ce wani ne ya ba shi ya ce a duba masa.

Alhaji ya zuba a tafin hannu ya kai hanci. Ya ɗauki ƙwaya ɗaya ya fasa da haƙori, ya ɗanɗana, ya tofar.

"Wanga bai ga magani ba ko ɗigo," in ji shi. "Wa ke da shi? Ka ce mashi ya saida tun da wuri, ƙwari za su maida mashi shi gari kafin azumi."

Lado ya ji kunya ta rufe shi, ta Yero, ba ta suruki ba. Yana shirin yin sallama sai Alhaji ya miƙa ƙafa ya taɓa naɗin tamfol ɗin, yana murmushi irin na wanda ya daɗe yana riƙe da albishir.

"Naku dai na san ba abin da zai taɓa shi. Ya yi maku aiki ko?"

Lado ya ce ya yi.

"Ai dole. Da na ji Nasara sun hana ku sa magani, na ce yaran ga za su yi asarar banza. Na tsufa cikin hatsi, ban taɓa ganin waken da ya kai bazara haka nan tsirara ba. Su so suke namu ya lalace su kawo mamu na gwangwani. Na san in na yi maka magana za ka ce kun rantse, to ni ai ban rantse ba. Na sa aka jiƙa shi da fiya-fiya, aka bi shi da hodar ƙwari, aka naɗe, sannan na aika maka. Kai ba ka karya rantsuwa ba, wake kuma ya tsira."

Ya yi dariya har carbin na rawa. Ba mugunta a fuskarsa ko kaɗan, wannan ne ma ya fi ciwo. Lado ya tuna warin da ya bugi hancinsa ranar da ya fara shimfiɗa tamfol ɗin, ya ɗauka warin shagon 'yan hatsi ne kawai, don komai nasu haka yake wari, har rigunansu. Ya tuna kuma inda tamfol ɗin ya zaga. Abin aro a Karofi ba ya kwana gida ɗaya. Shi ya fara shanya a kai, Sodangi ya karɓa, daga shi sai Mutawakkil, haka ya bi gida gida har ƙarshen unguwa, kowa na sa wa mutanen Kurfi albarka. Mutum ɗaya ne layi bai kai kansa ba. Yero ya tambaya, aka ce masa gobe, ya kuma tambaya, aka ce jibi. Da ya gaji sai ya ɗauki tsintsiya ya share shimfiɗaɗɗen dutsen bayan gari ya yi shanyarsa a can, yana korar awaki.

Alhaji yana jiran amsa. Akwai maganganu da yawa a bakin Lado, ko wacce ya taɓa sai ya ji ba ta faɗuwa a gaban uban matarsa.

"Allah ya saka da alheri, Baba," ya ce.

Ya shiga cikin gida ya ga jaririya, ya ɗauke ta ya mayar ba tare da ya san ya ɗauka ba. Rekiya ta dube shi ta ce ko Baba ya gaya masa zancen tamfol. Ashe ta sani. Ta ce an hana ta faɗa ne, wai kada ya tsaya taurin kai, kuma ai taimako ne. Da ya gaya mata abin da taimakon ya jawo, ta gyara wa jaririyar hula, sannan ta roƙe shi don girman Allah kada sunan mahaifinta ya fito a bakin taro, tsoho ne, a Karofi ma da mutuncinsa ake gaishe ta. Bai ce to ba, bai ce a'a ba. Abincin da aka kawo masa ma bai buɗe ba.

A hanyar dawowa an sake wata gardamar a mota, bai ji ko kalma ɗaya ba. Haushin kowa yake ji: na tsohon, na Rekiya, na Turawan da bai taɓa gani ba, na kansa ya fi yawa. Yana ta jera yadda zai faɗi maganar ba tare da ya faɗe ta ba, duk yadda ya juya ta sai ta biyo ta Kurfi.

Ana kiran la'asar ya shigo Karofi. Buhunan suna nan a rana inda aka yar da su, Yero ya koma ya zauna a kan ɗaya, ko sallar azahar a nan ya yi ta don kada a taɓa masa kaya. Bayan an idar Lado ya ja hannun Sodangi zuwa bayan masallaci ya gaya masa komai. Ya ce ba Yero ba ne, tamfol ne, wanda ya zo daga wajen mutanen Kurfi. Ya ce duk wanda ya yi shanya a kai nasa ya taɓu, har na shugaba, har nasa shi Lado.

Sodangi ya daɗe yana kallonsa. Da farko kallon zargi ne, irin na ko Yero ya ba shi wani abu. Sai da Lado ya rantse sannan kallon ya sauya, ya koma na mai lissafi.

"Wa ka gaya ma bayan ni?"

"Ba kowa."

"To ka bar ta haka." Ya waiga ya duba ko da mai jin su. "Kana nufin duk siton ga, na Yero kaɗai ne mai tsabta?"

Lado ya ce haka ne.

Sodangi ya shafa gemu. Ya ce ai abin ya zo da sauƙi. Ya lura da yaron kamfanin nan wancan zuwan, mai farin yadi ne, ba ya hawa kan kaya, buhunan da ke kusa da ƙofa ya fi kwancewa. A mayar da na Yero ciki, a jera su a gaba daga bakin ƙofa, a goge alamar da ke jikinsu. A fitar da wasu kaɗan daga na baya a ajiye waje, a ce su ne na mai laifin. Gobe yaro ya zo ya ɗebi mai tsabta, mota ta zo ta kwashe duka.

Lado ya ce wannan ai cuta ce, kuma mutane ne za su ci waken.

"Mu da muka shekara muna cin shi mun mutu?" in ji Sodangi, a hankali. "In kana da wata dabara, ga jama'a can sun taru. Tashi ka tsaya gabansu ka ce duk wahalarsu ta bana ta tashi a banza. Za su tambaye ka wa ya yi. Sai ka buɗe baki ka kama sunan surukinka, in ji da kunnena."

Ya san inda ya soka. Lado ya tambaya ko aƙalla za a gaya wa mutane cewa Yero ba shi da laifi. Sodangi ya ce in aka ce ba shi ba ne, za a tambaya to wane ne, a dawo gidan jiya. Abin da za a ce shi ne ƙungiya ta yafe masa albarkacin zaman tare, ba maganar kwastan, gona kuma ya ci gaba da nomansa. Mutawakkil ba matsala ba ne, shi ma wakensa na ciki.

"Kai ne maƙwabcinshi," in ji Sodangi, "je ka gaya mashi. In ya yarda, shi ke nan. In ya ƙi, ka san gona ba ta rasa mai so."

Tsakanin masallaci da sito ba nisa, Lado ya nufi wajen Yero. Mutane na zaune a inuwa suna binsa da ido. Ya yi sallama, Yero ya amsa ba tare da ya tashi ba. Ya isar da saƙon kamar yadda aka ba shi: ƙungiya ta yafe, gona tana nan, a mayar da buhuna ciki a jera su a bakin ƙofa.

"Ta yafe," in ji Yero. "Mi na yi da aka yafe mani?"

Lado ya dubi ƙasa.

"Da safe na ga ka ɗebi wakena, Malam Lado. Ka kai an duba?"

"Na kai."

"Mi aka ce?"

Da ya iya ƙarya da ya yi ta a nan, ya huta. Sai ya ji kansa yana faɗa, murya ƙasa ƙasa don kada na inuwa su ji, cewa waken Yero ba abin da ya taɓa shi, cewa gubar a jikin tamfol take, cewa duk garin nasa ne kaɗai ya fita. Wanda ya jiƙa tamfol ɗin ne kawai bai ambata ba, Yero kuma bai tambaya ba.

Yero ya juya ya kalli ƙofar siton, ya kalli buhunansa, ya sake kallon ƙofar. Ba wawa ba ne, bai buƙaci a ƙarasa masa ba.

"Shi ya sa sai a bakin ƙofa," ya ce.

"Shi ya sa."

"Su waɗancan sun san ba ni ba ne?"

"Shugaba ya sani."

"Shi kaɗai. Da kai." Ya yi ɗan murmushi wanda bai kai ido ba. "In na ƙi, gona ta tahi ke nan."

Lado ya san amsar a fili take. Yana so ya ce masa ya ƙi, ya ɗaure kayansa ya kai wa kamfanin da kansa, shi zai tsaya masa. Amma mutumin da ya kasa tsayawa a bayan masallaci, ina zai tsaya a gaban gari? Yero ya daɗe zaune, yana kallon arewa, inda iyalinsa suke jiran abin da gonar nan za ta aika musu. Sannan ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa, ya sunkuya ya kama kunnen buhun farko.

Daga inuwa wani ya ce madalla, haka ake son mai laifi ya karɓi gyara. Lado ya yi sauri ya duƙa zai kama ɗaya gefen.

"Bar shi, Malam Lado," in ji Yero, ba tare da ya dube shi ba. "Yau ka sha ɗaukar tamfol, gubar na hannunka. Kada ka taɓa masu shi, shi kaɗai gare su."

Ya ɗora buhun a kafaɗa shi kaɗai, ya shiga da shi, ya ajiye a bakin ƙofa daidai inda aka ce.